Gishirin Albarushi da Maƙeran da Ido Ba Ya Gani

A farkon mulkin Sarki Charles na Ɗaya, wanda ya hau gadon sarautar Ingila a shekarar 1625, an yi wata shela da ba kasafai ake jin irinta daga fada ba. An umarci talakawa da su riƙa tara fitsarinsu da na dabbobinsu a cikin mazubai, su adana har ma'aikatan sarki su zo su kwasa. A wata shelar kuma aka hana kowa daɓe bargar dawakinsa ko ɗakin tattabarunsa da dutse ko tubali, domin ƙasar ta ci gaba da shan abin da dabbobi ke zubarwa. Wanda ya ji wannan a yau zai ɗauka sarkin ya zautu ne, alhali da hankalinsa sarai. Ƙasarsa tana yaƙi da Sifaniya, albarushi ya yi masa ƙaranci, kuma abin da yake nema yana cikin wannan ƙazantar.

Albarushi, kalmar da Hausa ta aro daga Larabci, haɗi ne na abubuwa uku: gawayi, farar wuta, da wani farin gishiri mai sanyi a harshe. A cikin kowane awo 100 na albarushi mai kyau, kimanin 75 wannan gishirin ne, 15 gawayi, 10 farar wuta. Gawayi yana samuwa duk inda akwai itace, farar wuta kuma ana sayo ta daga ƙasashe masu duwatsun aman wuta. Gishirin ne ke da wuya. Shi ke ɗauke da iskar oksijin da ke sa sauran biyun su kama da wuta cikin ƙiftawar ido a cikin bututun bindiga, inda iskar waje ba ta shiga. Kuma a Turai ba shi da mahaƙa irin ta tama ko kuza. Tsirowa yake yi kamar furfura a gindin tsohuwar katanga, a ƙasan barga, a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, da duk wurin da fitsari da ruɓaɓɓen abu suka daɗe suna jiƙa ƙasa sannan ta bushe. In an kankare shi, bayan 'yan shekaru sai ya dawo.

Ma'adini ne cikakke, mai ƙwayoyi sirara kamar allurai, kuma yana cikin jerin ma'adinan da masana suka tantance. Sai dai ma'adinin da ke dawowa bayan an girbe shi ya saɓa wa duk abin da aka sani game da dutse da ƙarfe. Wa ke yin sa? Tambayar ta dami sarakuna da masana tsawon ƙarnoni, kuma amsarta, da ta zo a ƙarshen ƙarni na 19, ita ce ta fara nuna wa ɗan Adam cewa ƙananan halittun da ke cikin ƙasa da laka suna ƙera ma'adinai.

Daga ƙasar Sin zuwa bargar talaka

Sinawa ne suka fara haɗa albarushi, wajen ƙarni na 9, kuma wani littafinsu na dabarun yaƙi da aka kammala a 1044 yana ɗauke da awon haɗin. Daga can ilimin ya gangaro ƙasashen Musulmi. Ibn al-Baiɗar, masanin tsirrai ɗan Andalus da ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya ambaci gishirin da sunan ƙanƙarar Sin, sunan da ke nuna launinsa da kuma hanyar da ya biyo. Kafin ƙarnin ya ƙare, Hasan al-Rammah na ƙasar Sham ya rubuta yadda ake tace shi: a narka shi a ruwa, a tafasa, a zuba tokar itace, a tsiyaye, a bar shi ya huce har ƙwayoyinsa su fito.

Zancen tokar nan yana da muhimmanci. Yawancin abin da ke tsirowa a jikin katanga haɗe yake da sinadarin farar ƙasa, wanda ke jawo laima daga iska, ya mayar da albarushi kamar jiƙaƙƙen gari. Toka kuwa tana ɗauke da sinadarin fotash. Idan aka gauraya su, fotash ya ture farar ƙasa ya maye gurbinta, sai a sami gishirin da ke zama a bushe. Duk wanda ya taɓa ganin mace tana tarar ruwan toka daga ƙoƙo mai huji ya ga rabin sana'ar masu dafa gishirin albarushi, domin haka suke cika ganguna da ƙasar barga, su kwarara ruwa ta sama, su tara abin da ya tsiyayo ta ƙasa, su dafa shi a manyan tukwane na tagulla kwana da kwanaki.

Da igwa da bindiga suka zama su ke yanke hukunci a fagen fama, sai ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafar talaka ta zama dukiyar sarki. A 1561 gwamnatin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta biya wani hafsan soja Bajamushe, Gerard Honrick, fam 300 domin ya rubuta mata sirrin sa gishirin ya tsiro. Aka kuma ba wasu mutane takardar izinin shiga kowane gida su haƙa. Suna tone barga, su tarwatsa tattabaru a lokacin ƙyanƙyasa, su karɓi amalanken mai gida a kan farashin da suka ga dama, har majami'u ba su tsira ba. Koke ya yi yawa har a 1606 manyan alƙalan ƙasar suka zauna a kan batun. Sun amince sarki yana da ikon haƙar domin tsaron ƙasa, amma suka gindaya sharuɗɗa: kada a taɓa harsashin gini, a kuma mayar da wuri yadda aka same shi. Sai a 1656 majalisa ta hana haƙa a gidan mutum ba da yardarsa ba.

Abin da ya sauƙaƙa wa Ingila shi ne Indiya. A yankin Bihar, gefen kogin Ganga, abubuwa sun haɗu yadda ba su haɗu a Turai ba: zafi, cunkoson mutane da shanu, ƙasa mai fotash tun asali, damina mai jiƙa komai, sannan dogon rani da ke tsotso ruwa zuwa sama ya bar fari-fari a fuskar ƙasa. Wata al'umma da ake kira Nuniya, talakawa futuk, su suka gaji aikin kankare wannan ƙasa da dafa ta. Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya ya riƙa saye ta hanyar birnin Patna yana cika gindin jiragen ruwansa, kuma a 1758, shekara guda bayan yaƙin Plassey, ya karɓe cinikin gishirin Bihar shi kaɗai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga nan Ingila ta huta da tonon bargar talakanta, ta bar wa abokan gabarta wannan wahala.

Gasar da aka yi shekara bakwai ana jira

Faransa ce ta fi jin jiki. Ta fito daga Yaƙin Shekara Bakwai a 1763 ta rasa ƙarfinta a Indiya, kuma albarushinta bai kai na maƙiyanta yawa ko inganci ba. A 1775 minista Turgot ya kafa hukumar albarushi ta gwamnati, ya sa Antoine Lavoisier, wanda ake yi wa kallon uban kimiyyar sinadarai ta zamani, cikin shugabanninta. A cikin rumbun makamai na birnin Faris Lavoisier ya kafa ɗakin gwaje-gwajensa. A wannan shekarar kuma Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa ta sa gasar rubutu mai kyauta mai tsoka ga duk wanda zai bayyana yadda gishirin ke samuwa da yadda za a yawaita shi. An yi ta ɗage ranar yanke hukunci saboda rubuce-rubucen farko ba su gamsar ba, sai a 1782 aka ba 'yan'uwan nan biyu masu suna Thouvenel kyautar. Bayaninsu ya tsaya ne a kan cewa iskar da ke tashi daga ruɓaɓɓun abubuwa tana haɗuwa da iskar sarari. Sun kusa, amma sun bar maƙerin a waje.

Abin mamaki shi ne rashin sanin dalili bai hana aiki tafiya ba. A Faransa da Jamus da Suwidin an daɗe ana yin abin da za a iya kira gonakin gishiri. Ana tara juji na ƙasa da taki da toka da ɓaraguzan tsohon gini, a yi masa rumfa don kada ruwan sama ya wanke shi, a riƙa yayyafa masa fitsari, a riƙa juya shi lokaci-lokaci, a jira shekara ɗaya ko biyu. Ma'aikatan sun san cewa in jujin ya jiƙe sharkaf sai ya lalace, in ya bushe ƙayau aiki ya tsaya, in sanyi ya yi tsanani ba ya motsi, kuma in an zuba masa ƙasar tsohon juji ya fi saurin nuna. A ganina babu shaidar da ta fi wannan ƙarfi, domin duk sharuɗɗan nan na kiwon abu mai rai ne: iska, laima daidai gwargwado, ɗumi, da iri. Mai yin nono ya san ba ya kama sai an zuba masa ɗan tsohon nono. Amma masanan zamanin sun riga sun raba duniya gida biyu, masu rai a gefe ɗaya, ma'adinai a ɗaya gefen, kuma ba su ga ƙofa tsakanin gidajen ba.

Da wannan ilimin na gwaji Lavoisier ya kusan ninka abin da Faransa ke samarwa, har ta taimaka wa Amurkawa da albarushi a yaƙinsu na neman 'yanci. A 1793, lokacin da sarakunan Turai suka yi wa juyin juya halin Faransa taron dangi, gwamnati ta kira kowane ɗan ƙasa ya wanke ƙasar ɗakinsa ya kawo gishiri. Shi kuwa Lavoisier an sare masa kai a watan Mayu na 1794, saboda tsohon aikinsa na karɓar haraji.

A ƙarni na 19 ra'ayin masu cewa aikin sinadarai ne zalla ya ƙara ƙarfi. A 1838 Frédéric Kuhlmann ya nuna cewa idan aka bi da amoniya da iska ta kan zazzafan ƙarfen filatinam, amoniyar tana ƙonewa ta zama ruwan tsamin da ake samun gishirin daga gare shi. Sai aka ce ai ƙasa ma haka take yi, ƙananan ramukanta ne ke aikin filatinam. Louis Pasteur ne, a 1862, ya ce ya kamata a sake duba batun, domin mai yiwuwa ƙwayoyin halitta suna da hannu a ciki, kamar yadda suke da shi wajen mayar da giya ruwan tsami. Ya faɗa ya wuce zuwa wasu ayyukan.

Kwana ashirin a cikin bututun gilashi

Amsar ta zo ta hanyar da ba ta yaƙi ba. Birnin Faris yana neman yadda zai yi da ruwan kwatarsa, har an fara malala shi a gonakin Gennevilliers da ke bayan gari, ana so a san yadda ƙasa ke tsarkake shi. A 1877 masana biyu, Théophile Schloesing da Achille Müntz, suka cika bututun gilashi mai tsawon mita ɗaya da yashin da aka gasa da ɗan dutsen farar ƙasa, suka riƙa zuba ruwan kwata ta sama kowace rana suna auna abin da ke fita ta ƙasa. Kusan kwana ashirin amoniya tana fitowa yadda ta shiga. Daga nan sai ta fara raguwa, naitiret, wato jigon gishirin albarushi, ya fara bayyana, har amoniyar ta ɓace baki ɗaya.

Jinkirin nan shi ya tsaya musu a rai. Da yashi ne ke aikin, da tun ranar farko zai fara, domin yashi ba ya koyon aiki. Abin da ke bukatar kwana ashirin kafin ya kankama abu ne da ke hayayyafa. Sai suka busa tururin kulorofom, maganin da likitoci ke sa majiyyaci barci da shi, a cikin bututun. Aikin ya tsaya cik. Suka janye maganin, bai dawo ba. Suka zuba ɗan ruwan da aka dama da ƙasar lambu, bayan wasu kwanaki ya farfaɗo. Daga baya suka nuna cewa zafin tafasa ma yana kashe shi. Gwaji ne da bai ci kuɗi ba, amma ya warware abin da gasar shekara bakwai ta kasa.

Saura a kama halittar a gan ta, kuma a nan aka yi shekara goma sha uku ana lalube. Robert Warington, a gonar bincike ta Rothamsted a Ingila, ya tabbatar da sakamakon Faransawan, ya kuma lura cewa aikin hawa biyu ne: amoniya tana fara zama naitirait, wanda shi ne rabin hanya, sannan naitirait ya zama naitiret. Amma duk lokacin da shi ko waninsa suka shuka ƙasa a kan farantin kiwon ƙwayoyi irin na Robert Koch, mai daskararren romon nama, sai wasu ƙwayoyin dabam su cika farantin, waɗanda ake nema kuwa ko alamarsu. Kowa ya ɗauka cewa duk abin da ba ganye ba dole ya ci abin da ya taɓa rai. Ana ta miƙa wa baƙon abincin da ba ya ci.

Mutumin da ya gane haka ɗan daular Rasha ne, Sergei Winogradsky, wanda aka haifa a Kiev a 1856. Kiɗan fiyano ya fara karanta kafin ya koma ilimin tsirrai. A 1885 ya tafi Strasbourg wurin malami Anton de Bary, ya duƙufa a kan wata halitta mai kama da farin zare, mai suna Beggiatoa, da ke shimfiɗe a maɓuɓɓugan ruwa masu warin ruɓaɓɓen ƙwai. A cikin jikinta akwai ɗigo-ɗigo masu ƙyalli na farar wuta. Kafin shi an ɗauka ita ce ke haifar da warin. Winogradsky ya ajiye zaren a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya riƙa sauya masa ruwa. In ya hana shi ruwa mai wari, ɗigon farar wutar ya ɓace cikin kwana ɗaya ko biyu, daga baya halittar ta mutu. In ya dawo da ruwan da wuri, ɗigon ya sake cika. A 1887 ya bayyana cewa warin abincinta ne: tana ƙona shi a hankali, ƙuna marar harshen wuta irin ta tsatsa, ta mayar da shi farar wuta, sannan ta ƙona farar wutar, kuma daga wannan ƙunar take samun ƙarfin rayuwa kamar yadda mu muke samu daga tuwo.

Da de Bary ya rasu a 1888, Winogradsky ya koma Zurik ta ƙasar Suwizalan ya fuskanci matsalar gishiri da wannan sabon ido. Ya cire duk wani romo, ya ba ƙwayoyin ruwa mai tsabta da gishirin amoniya da ɗan garin ma'adini, daga baya ya yi musu faranti da wani daskararren abu da aka samo daga sinadarin yashi. Sai suka tsiro. Tsakanin 1890 da 1892 ya rarrabe su gida biyu, kamar yadda Warington ya hango: Nitrosomonas mai mayar da amoniya naitirait, da Nitrobacter mai ƙarasa aikin. Ya kuma nuna cewa suna gina jikinsu daga iskar kabon da ke sarari, kamar tsirrai, amma a cikin duhu, ba tare da hasken rana ba.

Akwai wani awo da ya yi wanda, a nawa ra'ayin, shi ne mabuɗin batun gaba ɗaya. Ya tarar cewa sai Nitrosomonas ta ƙona kimanin awo 35 na naitirojin kafin ta ƙara awo ɗaya na kabon a jikinta. Abincinta ba shi da maiƙo, don haka dole ta ci da yawa ta girma kaɗan. Wannan ya bayyana jinkirin kwana ashirin na bututun Schloesing, da shekara biyun gonakin gishiri. Ya kuma bayyana yadda halittar da ba a gani sai da madubi take barin tarin ma'adini da ya ninka nauyinta sau da yawa. Gishirin da aka yi ta tone gidaje dominsa tokar murhunta ce kawai. Sarkar ta cika ke nan: wasu ƙwayoyi su warware fitsari da taki su saki amoniya, waɗannan biyun su ƙona ta, naitiret ya kama fotash ko farar ƙasa, rana ta tsotse ruwa, fari ya fito a katanga. A 1886 kuma Gayon da Dupetit sun riga sun gano wasu ƙwayoyin da ke rushe naitiret su mayar da shi iska idan wuri ya cushe ba oksijin, wanda shi ne dalilin da ya sa jiƙaƙƙen juji ke lalacewa.

Tsatsa da baƙar laka

Ƙofar da aka buɗe ba ta tsaya a kan gishiri ba. Tun a 1836 Christian Ehrenberg na Jamus ya duba jar lakar fadamu da madubi ya ga siraran igiyoyi murɗaɗɗu, ya ce halitta ce, ya kuma danganta ta da tamar fadama, wadda mutanen arewacin Turai suka daɗe suna kwasowa daga fadamu da gindin tafkuna suna narkawa, ita ma tana sake taruwa bayan shekaru. A 1888 Winogradsky ya ce waɗannan ƙwayoyi ƙarfen da ke narke a ruwa suke ƙonawa su rayu, tsatsar kuma ta taru a jikinsu. A nan ya gamu da gardama mai ƙarfi. Hans Molisch, a littafinsa na 1910, ya nuna cewa wasu daga cikinsu suna rayuwa lafiya ba ƙarfe, tsatsa kawai manne musu take yi. Wahalar ita ce ƙarfe yana yin tsatsa da kansa duk inda ya gamu da iska, don haka rarrabe aikin halitta da na iska ba abu ne mai sauƙi ba. Sai a ƙarshen ƙarni na 20 aka tabbatar cewa halittar Ehrenberg, Gallionella, da ƙarfen take rayuwa, kuma tana zama ne a daidai iyakar da oksijin ya yi ƙaranci, inda take riga iska isa ga abincin. Kowanne daga cikin masanan biyu yana da tasa gaskiyar. Jan kumfa mai yauƙi da ke toshe bututun wasu rijiyoyin burtsatse aikin dangin waɗannan ƙwayoyi ne.

A 1895 Martinus Beijerinck ya ciro wata ƙwayar daga lakar magudanun birnin Delft na ƙasar Holan, mai yin akasin aikin Beggiatoa. Ita a wurin da babu iska take zama, tana numfashi da gishirin farar wuta da ke narke a ruwa, tana fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Warin ya gamu da ƙarfen da ke cikin laka, su haɗu su zama baƙin ma'adini, wanda a hankali yake rikiɗa ya zama dutsen nan mai ƙyalli da ke yaudarar masu neman zinariya. Duk wanda ya taɓa taka gindin kududdufi da rani, ƙafarsa ta fito baƙa ƙirin da wari, ya taka ma'aikatar Beijerinck.

Sai dai kada zumuɗi ya sa a miƙa wa ƙwayoyi komai. Tarin naitiret mafi girma a duniya yana cikin hamadar Atacama, wanda saboda shi Chile ta yaƙi Peru da Bolibiya daga 1879, shekara biyu kacal bayan gwajin bututun gilashi. Masana da dama a lokacin sun ɗauka shi ma aikin ƙwayoyi ne. Binciken da aka yi a farkon wannan ƙarni a kan nau'in oksijin da ke cikinsa ya nuna cewa babban kasonsa daga sararin sama ya sauko, kaɗan-kaɗan, tsawon miliyoyin shekaru. Ya taru ne saboda wurin ya bushe har ruwa bai wanke shi ba, ƙwayoyi da tsirrai kuma ba su sami damar cinye shi ba. A can rashinsu ne ya tsare ma'adinin.

Bayan an daina tonon barga

Gishirin Chile ya kashe gonakin gishiri na Turai, sannan masana'anta ta kashe cinikin Chile. A 1909 Fritz Haber ya haɗa amoniya daga iska, a 1913 Carl Bosch ya buɗe masana'antar farko a Oppau, kuma ta hanyar Wilhelm Ostwald, wadda jikar gwajin Kuhlmann ce, ake ƙona amoniyar a kan filatinam. Da wannan Jamus ta ci gaba da Yaƙin Duniya na Ɗaya duk da an toshe mata hanyar teku. Sana'ar Nuniya ta durƙushe, sunan masu tonon barga ya koma littattafan tarihi.

Ƙwayoyin kuwa ba su san an sallame su ba, aikinsu ma ƙaruwa ya yi. Buhun yuriya da manomi ke zubawa a gindin masara sinadari ɗaya ne da wanda ke cikin fitsarin da Sarki Charles ya sa a tara. Da zarar ya shiga ƙasa mai laima, sarkar nan ta kama aiki, cikin 'yan makonni ya zama naitiret. Shuka tana son sa, amma ba ya manne wa ƙasa, don haka ruwan sama mai ƙarfi yana gangarawa da shi ƙasa da saiwa, wani lokaci har cikin rijiya, kuma ƙunar tana barin tsami da ke gajiyar da gona in an daɗe. Wannan ne ya sa malaman gona ke cewa a raba takin kashi biyu ko uku maimakon a zuba shi gaba ɗaya. Har magunguna ake sayarwa yanzu na rage wa ƙwayoyin sauri, bayan ƙarnonin da aka yi ana lallashinsu su yi sauri.

Winogradsky ya rasa gidansa da gonakinsa a juyin juya halin Rasha. A 1922, yana da shekara 66, Cibiyar Pasteur ta ba shi ɗakin bincike a ƙauyen Brie-Comte-Robert kusa da Faris, inda ya ci gaba da nazarin ƙasa har ya rasu a 1953. Rabon aikin da ya yi tsakanin ƙwayoyi biyu ya zauna a littattafan makaranta fiye da shekara 100. A 2005 aka ciro wata halitta daga tankin kifi a birnin Seattle na Amurka, daga wani reshe na halittu dabam da bakteriya, ita ma tana ƙona amoniya, kuma daga baya aka ga danginta sun cika teku da ƙasar noma. A 2015 ƙungiyoyin masana biyu suka ba da labarin wata Nitrospira da ke yin hawa biyun ita kaɗai. Ɗaya ƙungiyar ta samo tata a matatar ruwan wata gonar kifi a Holan, ɗayar kuma a cikin yauƙin da ya manne a bututun ruwan zafi na wata tsohuwar rijiyar neman mai a yankin Kaukasus na Rasha.